Kan maganar ɗan fasto da ka tambaye ni

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce tunda ka samu bak dattawan ikilisiya sun sa ka gaba wai sai ka tahi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, kai kuma ilimin noma kake so a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kana tambaya ko dole ne ɗan fasto ya gaji ubanshi. To ba dole ba ne.

Abin daga al'adarmu ya hito. Mu Hausawa sana'a gado ce, ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan liman ana sa ran ya ja salla wata rana, kullum ana cewa kyan ɗa ya gaji ubanshi. Lokacin da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka shigo ƙasar nan ta Nijar a 1924, suka fara daga Damagaram, daga baya suka zauna Tsibiri da Danja, iyayenmu da suka karɓi bishara ba su bar wannan tunanin a bakin ƙofa ba, da shi suka shiga majami'a. Amma aikin fasto kira ne, kuma kira ba a rabonshi kamar gona.

Na san abin da ke cin ranka ya wuce maganar makaranta, ni ma a gidan mai bishara na tashi ai, ni da babanku. Gidan yana cikin filin majami'a, ba ku da lokacin kanku, baƙi daga ƙauye sun kawo mara lahiya asibiti sai a ce ka tashi ka ba su tabarmarka, ran Lahadi kai ne shara kai ne ganga, in malamin yara bai zo ba kai ne malami, ba mai ce maka sannu don wai aikin gidanku ne. Ka zauna fada shan shayi da abokai, kahin ka iso gida labari ya riga ka. Ɗan wani dattijo ya yi abin da ya hi wannan a ce ƙuruciya ce, kai ka yi a ce ɗan fasto guda! Wannan rashin adalci ne kuma yana yi mini ciwo har yanzu, balle 'yan mata, su har ɗaurin kallabi ana duba musu.

Ayar da suke kamawa 1 Timoti 3:4 ce, cewa shugaba ya iya sarrafa gidanshi. Da uban ake magana a can, ba a ba jama'a bulala su riƙa bin ɗiyanshi ba. Sama'ila ma da girmanshi 'ya'yanshi ba su bi sawunshi ba, duba 1 Sama'ila 8.

Sai dai ka tausaya ma babanku. Abincinshi daga baiko ne, ɗakin da kuke kwana na ikilisiya ne, shi ya sa in mutane suka yi gunaguni yake rasa barci ya huce a kanku, tsoro ne ba ƙiyayya ba. Kada ka yi mishi maganar ran Asabar yana shirin wa'azi, kuma kada ka bari ya ji ta a bakin dattawa. Bari sai Litinin bayan cimar dare, ka fara gaya ma mamarka. Ka kira ni in zo in zauna tare da ku, ni yayarshi ce, zai saurare ni.