Tambaya da Amsa: Shin In Sayi Manhajar Kariya Mai Rangwame?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kwamfutoci biyu a gida, ɗaya ta maigidana, ɗaya kuma yara ke aikin makaranta da ita. Na ga talla a intanet ana sayar da manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta da rangwamen fiye da rabin kuɗi, sannan wani mai gyara a unguwarmu ya ce zai sa mana irinta a kan kuɗi kaɗan ƙwarai. Wanne ya kamata in bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki fitar da ko sisi, ki duba abin da ke cikin kwamfutocin, domin duk wadda ke aiki da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da manhajar kariya ta kyauta mai suna Microsoft Defender, wadda cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, kan gwada ta tare da manhajojin da ake biya, kuma ba ta jin kunya a cikinsu. Ga gidan da aikinsa bai wuce rubutu da bincike da kallon bidiyo ba, a ganina ta wadatar, muddin ana barin kwamfutar tana sabunta kanta. Abin da ake saya a wajen kamfanoni kamar Bitdefender ko ESET ko Norton galibi ƙari ne, wato hanyar taƙaita shafukan da yara ke shiga, da ma'ajiyar kalmomin sirri, da lasisi ɗaya da zai rufe na'urori uku ko biyar har da wayoyi.

Idan kina son wannan ƙarin, rangwamen da kamfani ya yi a shafinsa na kansa halal ne, kuma an fi yin sa a ƙarshen watan Nuwamba. Sai dai ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin farashin, domin rangwamen na shekarar farko ne kawai. Yawancinsu suna riƙe bayanan katin banki, idan wa'adi ya cika su cire kuɗin shekara ta biyu da kansu a kan cikakken farashi, wanda kan ninka na farko, kuma tun da sau da yawa da dala ake lissafi, abin da zai fita da naira ya danganta da canjin ranar. Saboda haka, da zarar kin biya, ki shiga asusunki a shafin ki kashe sabunta biya ta kai tsaye.

Tayin mai gyaran ne ya fi buƙatar tsayawa. Akwai dillalai na gaskiya da ke sayar da lasisi a rufe cikin kwali ko kati, amma akwai masu sayar da lambar lasisi ɗaya ga mutane da yawa, ko lambar da aka keɓe wa wata ƙasa, wadda kamfani kan toshe bayan 'yan makonni. Mafi muni ita ce manhajar da aka fasa, wato aka karya makullinta don ta yi aiki ba tare da biya ba, wadda wajen sa ta akan kashe Defender tukuna, ga shi kuma ba a san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba. A nan ne Bahaushe ke cewa araha ba ta ado. Ki tambayi mai gyaran abu ɗaya: shin za a yi rajistar lasisin da adireshin imel ɗinki, ki ga ranar ƙarewarsa da idonki a shafin kamfanin? Idan ya fara kame-kame, ki ba shi haƙuri. Haka kuma duk saƙon da ya faɗo kan allo da jan rubutu yana cewa an gano cuta, ki biya yanzu ko ki kira wata lamba, damfara ce, rufe shi kawai za a yi.

Kwamfutar yaran ce na fi yi wa tsoro, saboda filashin da ake kaiwa shagon buga takardu. Idan ya dawo aka ga fayiloli sun ɓace, sai wasu alamomi masu 'yar kibiya a kusurwa sun maye gurbinsu, kada a danna ko ɗaya kafin a bincike shi. Ki kuma duba irin Windows ɗin da ke kai, domin Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma manhajar kariya ba ta toshe ɓarakar da ke jikin Windows kanta. Cutar WannaCry da ta shafi ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017 ta bi ta wata ɓaraka ce da aka riga aka fitar da gyaranta tun watan Maris. Idan kwamfutocin za su ɗauki Windows 11, a fara da wannan, sannan a kwafe hotuna da takardu masu muhimmanci a wani faifai daban da ba ya zama a jone.