Ƙanwata, Garwa ɗinki ma gari ne, ki rubuta shi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, sai dai an ɗauke wuta wayar ba caji, shi ya sa sai yanzu. Kin ce kina son fara rubuta labari da Hausa amma lakwal ɗin Faransanci kika yi, duk abin da kika rubuta sai 'yan Najeriya su ce ba su gane ba ko su yi ta dariya, kina tambaya wane littafi za ki karanta, kuma wai ko dole sai kin kai labarin Kano ko Abuja kafin a yarda a karanta. To gyara zama, don hanyar nan da ƙafata na bi ta, kuma ni ma nan Garwa ta Kamaru nake.

Maganar dariyar nan tukuna. Wallahi ba Hausarki suke wa dariya ba, rubutun ne. Mu da muka tashi a lakwal hannunmu ya saba da ƙa'idar Faransanci, sai ki ga mun rubuta "ina kouana", "tchikin guida", "moun djé kassoua", mu a wurinmu daidai ne don haka muka ji shi a kunne, amma wanda ya tashi da boko irin na Najeriya idonsa tuntuɓe yake yi a kowace kalma. Gyaran kuwa bai kai yadda kike tsoro ba. Inda kike sa ou ki sa u ko w, tch ya koma c, dj ya koma j, ch ya koma sh, s guda ɗaya ta isa ba sai kin ninka ba, g kuma ba ta buƙatar u a bayanta. Sati biyu in kin dage hannunki ya juya. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi, ki duba bata da ɓata da ba ta, abu uku ne daban, haka kafa da ƙafa, haka na ce da nace. Ni akwai ranar da na rubuta "nace masa ya tafi" wata baiwar Allah daga Zariya ta biyo ni ta gefe cikin mutunci ta ce Anti, nace ai naci ne, ki raba su. Har yau ina yi mata addu'a. Ki sa Hausa a Gboard ɗin wayarki, ɓ da ɗ da ƙ duk suna nan, kuma in kin taɓa ganin rubutun Fulatanci ai ɓ da ɗ ba baƙinki ba ne. Sai abu ɗaya da ya kamata mu 'yan nan mu kula da shi, Fulatanci ba ya raba mace da namiji, o ɗaya ce ta kowa, shi ya sa yaranmu da yawa za ki ji sun ce "mamana ya zo". A baki ya wuce, a rubutu kar ki bari.

Littafi kuwa, in kin tambaye ni sau goma amsa ɗaya zan ba ki, ki fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Uku ne, tun ƙarshen shekarun 1930 aka buga su a Zariya, kuma har yanzu ban ga wanda ya sa Hausa ta kwanta a takarda kamarsa ba. Nawa na farko kawuna ne ya kawo min, yana fataucin atamfa tsakanin Kano da nan ta hanyar Mubi, ina aji biyu a lise, wato sakandare, lokacin, bangon ya yage an liƙe shi da salatif, shafukan sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. Da na buɗe ban iya karantawa ba, ni da nake cin Faransanci a aji. Sai kawun nan ya ce ki daina karantawa da ido, buɗe baki ki faɗa. Haka muka yi ta yi bayan isha'i a tsakar gida kan tabarma, lokacin zafin Afrilu da ɗaki ba ya shiguwa, ina ɗaga murya ina cin tuntuɓe kakata tana gefe tana gyara min, ita da ba ta san a ba balle ba, amma da na karanta kalma ba daidai ba sai ta ce a'a, ba haka Bahaushe yake faɗa ba. Kafin damina ta sauka na gama na ɗaya. Don haka ke ma ki karanta da murya, ko da ke kaɗai ce a ɗaki, kunnenki ya riga ya san Hausa, ido ne kawai zai koya daga wurinsa.

Kuma ki lura da wani abu a littafin nan, labaran da aku, tsuntsun da ke ba da labari a ciki, yake bayarwa da yawa ba a ƙasar Hausa aka haife su ba, wasu daga littattafan Larabawa ne wasu na Turawa, amma Imam ya tuɓe musu kayan can ya sa musu riga da rawani har ba ki isa ki ce baƙi ne ba. Shi na waje ya jawo gida. Mu yanzu kuma sai mu ɗauki na gida mu jefa shi waje.

Bayan shi ki nemi Ruwan Bagaja, nasa ne shi ma, siriri ne kwana biyu kin gama, ya fito ne daga gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a 1933. Sai na matan Kano na shekarun 1990, musamman Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, don ki ga yadda ake shiga cikin gidan aure a fito da abin da ke ciki ba tare da an yi batsa ba. Na waya da ake turawa shafi shafi ban ce kar ki karanta ba, ni ma ina karantawa kuma akwai masu alƙalami sosai a ciki, amma kar ki koyi ƙa'idar rubutu a can, rabi Turanci rabi Hausa ne, kalmomi a cakuɗe. Na saurare a YouTube kuma yana da daɗi in kina wanki ko girki, sai dai ba zai koya wa hannunki komai ba kuma yana shan mega, wato data.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, maganar kai labari Kano ko Abuja. Na yi wannan. Labarina na farko saurayin ɗan mai kuɗi ne a Abuja, gida hawa uku, motoci a jere, yarinyar kuma 'yar talakawa a wata unguwa a Kano da sunanta kawai na sani, ni kuwa iyakata Yola, sau biyu. Na kai shafi arba'in da wani abu ina ta ja, duk abin da na rubuta a wani littafin na gan shi, ko ƙamshin gidan ban sani ba, har wata mai karatu ta tambaye ni wai ya aka yi suka baro Kano da hantsi suka yi azahar a Legas a mota. Ranar jikina ya mutu, na ajiye. Na fi shekara ban sake taɓa bik, wato biro, ba.

Abin da ya dawo da ni wata gwaggota ce mai sayar da busasshen kifi. Duk Lahadi tana zuwa kasuwar Pitowa, wani lokaci ta wuce har Lagdo ta saro. Wata rana na raka ta, muna dawowa a bayan a-kori-kura ta kwance bakin zaninta tana ƙirga kuɗi, 'yan sefa 500 da 1000 duk sun yi laushi suna ƙarnin kifi, ta ware wasu ta cusa a cikin ɗankwali ta ce wannan mijinta bai san da su ba, na kayan ɗakin 'yarta ne take tarawa shekara uku ke nan. Na dawo gida na ɗauko kaye, wato littafin rubutu, na rubuta shafi shida a zama ɗaya, ban tsaya neman kalma ba ko sau ɗaya, don na san nauyin kwandon, na san yadda ɗan moto yake cewa sai an ƙara masa saboda kaya, na san yadda kogin Binuwai yake janyewa da rani har yashi ya fito a ƙarƙashin gada. Da na saki labarin, waɗanda suka fi yi min magana 'yan Katsina ne da Sakkwato, suna ta tambaya wai da gaske akwai dorina a kogin garinku, mene ne folere, me ya sa ake gaisuwa da jam na. Abin da nake ɓoyewa don kar a raina ni, ashe shi suke nema.

Ki dubi Djaïli Amadou Amal ma, 'yar Marwa ce, nan kusa da mu. Da Faransanci take rubutu, amma cikin gidajen Marwa ta rubuta, auren dole da kishi da wannan munyal da ake ta faɗa wa mace, wato haƙuri, kuma da littafin da ta rubuta a kan haka ta ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a Faransa a 2020. Ba ta ɗauki labarin ta kai Faris ba.

Yadda nake yi yanzu, bayanin labari ina yin sa da daidaitacciyar Hausa wadda kowa zai gane daga nan har Agadas, amma in mutanena suka buɗe baki sai in bar su su yi magana yadda muke yi, tsohuwa ta ce useko, yaro ya ce zai je lakwal, a yi ciniki da sefa. Ki sa kalmar a inda mai karatu zai gane ta daga abin da ke kewaye da ita, kar ki cika har ya gaji. Kuma ki ajiye ƙaramin kaye a jaka, duk wata magana da kika ji a gidan biki ko wurin awo ko bakin tsofaffi ki rubuta nan take, nawa na huɗu ke nan nake ciki.

Kar ki fara da mai shafi ɗari. Ki yi gajere, mace ɗaya, damuwa ɗaya, ki kai shi ƙarshe. Sashen Hausa na BBC yana da gasar Hikayata ta mata zalla tun 2016, gajerun labarai ake turawa, ko ba ki shiga bana ba ki nemi waɗanda suka yi nasara ki saurara ki ga yadda ake ɗaure labari a ɗan wuri. Kuma don Allah kar ki fara sakin labari sai kin gama rubuta shi, don da kin saki shafi uku za a taso ki, wannan ta ce a kashe kishiyar, wannan ta ce a haɗa su aure, in ba ki riga kin san inda za ki ba sai su karɓe miki linzami. Sunanki kuma ki sa shi a sama da tsakiya da ƙasan kowane shafi, labarin gwaggon nan tawa sai da ya zagayo ya dawo min a waya da sunan wata a kai, an canza Pitowa an mayar da ita wani gari, kifin ma an mayar da shi atamfa, na yi kuka ranar ba kaɗan ba.

Magana Jari Ce na ɗaya yana nan wurina, ba wancan mai salatif ɗin ba, wani na sake saya. In kina cikin gari ki yi min magana ta gefe, ina Yelwa, zan ba ki aro na wata ɗaya amma ki dawo min da shi. Ki zo da shafi biyu da kika rubuta da hannu a kaye, ko da tch da ou ɗin ne kar ki gyara, ranar Asabar bayan la'asar ba na ɗinki, sai mu zauna mu bi shi layi layi.