Yadda METTL3 ke ƙara wa ƙwayar ciwon daji furotin

Ƙanwata, kin tambayi yadda ƙwayar daji ke ninka wani furotin ko da DNA ɗinsa bai sauya ba. Sau da yawa a kan mRNA ake aikin, wato saƙon da ake kwafowa daga DNA don a haɗa furotin. Wasu furotin, METTL3 da METTL14, su ne ke liƙa ɗan sinadarin methyl jikin adenosine, ɗaya daga tubalan mRNA, alamar da ake kira m6A, wasu furotin kuma, FTO da ALKBH5, su goge ta. Wani furotin, YTHDF2, na tura saƙo mai alamar a lalata shi. Amma a sankarar jini ta AML, alamar da METTL3 ke liƙawa na sa a ƙara haɗa furotin MYC, mai sa ƙwaya yaɗuwa, da BCL2, mai hana ta mutuwa, sai ƙwayar ta yi ta yaɗuwa, ta ƙi mutuwa.

In a Kano za ki auna m6A, zafi da RNase, furotin mai yanka RNA, na saurin cinye RNA. Ki sa safar hannu, ki yi aiki kan ƙanƙara, ki adana RNA ɗin a -80°C, janareta a shirye saboda ɗauke wuta.