Karɓar ɗinkin ankon ƙawayen amarya ta intanet

Tambaya: Maigida, barka da aiki. Ina so in buɗe shafin da ƙawayen amarya za su riƙa yin odar anko daga duk inda suke, kowace ta zaɓi ɗinkin da ranta ke so ta biya. Me ya kamata in sa a ciki?

Amsa: Ɗana, fara da sanin cewa a kowane anko mutum biyu kake yi wa aiki. Zaɓin yadi da kala na amarya ne, jiki da kuɗin ɗinki na ƙawa ne. Saboda haka amarya ce za ta fara buɗe odar: ranar biki, taron da za a sa kayan, kamu ne ko dina, irin yadin, da yawan ƙawaye. Sai shafin ya ba ta lamba ta tura a gurup ɗinsu na WhatsApp. Duk ƙawar da ta shigo da lambar za ta tarar yadi da kala a kulle suke. In ka bar mata wannan ƙofar, anko ya tashi daga anko.

Zaɓin da za ka ba ƙawa kuwa, ka taƙaita shi. Siffar riga 3 ta isa: doguwa mai kama jiki, doguwa mai buɗewa daga ƙugu, sai riga da siket. Hannu 3, wuya 2. Ɗinki 18 ke nan daban-daban. Ka ƙara wani zaɓi guda mai kashi 3, sun koma 54, kuma kai za ka yanka su a mako ɗaya. Kowane zaɓi ya zo da hoton rigar da aka ɗinka a shagonka, ba wanda aka kwaso daga Instagram ba, kuma kuɗi ya sauya nan take in ta taɓa shi, domin hannu mai faɗi yakan ci rabin yadi ko fiye. In leshi ne mai shara-shara, tambaye ta ko a yi wa hannu da ƙirji shafi. Mata da yawa ba za su fita da shi haka ba, amma ba sa tunawa su faɗa sai kaya sun iso.

Kala ita ce ke jawo rigima. Wayoyi ba sa nuna ta iri ɗaya. Shuɗin da kake gani, a wata wayar ya karkata zuwa kore. Ɗauki hoton da rana a inuwa, da farar takarda a gefe, kada ka gyara shi, sannan ka aika wa amarya ƙyallen yadin ta riƙe a hannunta kafin ta amince. Da ta amince, ka shiga Kantin Kwari ka sayi yadin duka lokaci guda daga dila ɗaya, don zane ɗaya ma rininsa kan bambanta daga dila zuwa dila. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi galibi yadi 5. Ƙawaye 10, sayi 11. Na ƙarshen nan na wadda za ta makara ne, ko na gyaran yankan da ya ɓaci.

Yanzu awo, wanda nan ne aikin yake. Kada ka yarda da ƙarama, matsakaiciya, babba. Ka nemi lamba a inci: kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ƙugu, kwankwaso, damtse, tsawon hannu, da tsawon riga daga kafaɗa zuwa ƙasa tana sanye da takalmin da za ta sa ranar. Kowane gurbi da zanen da ke nuna inda tef zai bi. Ka rubuta ƙarara cewa awon jiki kake so, kai za ka ƙara sakin inci 2. Ɓarnar da aka fi yi ita ce wata ta auna tsohuwar rigarta ta turo, kai kuma ka sake ƙara saki a kai, riga ta fito buhu. Ka sa shafin ya ƙi karɓar lambar da ba ta yiwuwa: mai rubuta ƙirji 92 da santimita ta auna, a inci 36 ne. Ka bar ƙaramin gurbi ga mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa, a ƙara mata wuri ko a mayar da zif gaba. Wannan da awon duka sirrinta ne, ko amarya bai kamata ta gani ba. Abin da amarya ke buƙata shi ne wa ta turo awo, wa ta biya. Ko awo ya yi daidai, ka bar inci ɗaya da rabi a cikin ɗinkin gefe, tela na garinsu ya samu abin buɗewa.

Kuɗin kafin alƙalami ya isa biyan kuɗin yadi gaba ɗaya, ragowar kafin a aika kaya. Rufe oda mako 6 kafin biki, ranar ta fito ɓaro-ɓaro a saman shafin. Almakashi kada ya taɓa yadi sai ka tura wa ƙawa saƙo ɗauke da ɗinkin da ta zaɓa da awonta ta amsa da kanta. Hotunan shafin su zama marasa nauyi, don yawancinsu da waya za su shiga, data kuma tsada gare ta. Kaya su bar shago mako 2 kafin biki, kowace leda da sunan mai ita da lambar wayarta. Waɗanda ke gari ɗaya ka haɗa nasu a ƙunshi guda ka ba direba ɗaya a tasha, ka tura musu lambarsa da ta motar.