Ina tururuwar kurmi take shiga?

Tambaya: Malam, akwai ɗan kurmi a tsakiyar birni da nake ratsawa kullum. Wani lokaci na shekara sai in ga tururuwa ta yi jerin gwano a jikin kowace bishiya, wani lokacin kuma ko ɗaya babu. Mutuwa suke yi ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, suna nan da ransu, lokacin fita kawai suke sauyawa. Jikin tururuwa ba ya riƙe ɗumin kansa kamar namu, zafin ƙasa ne ke juya ta. In sanyi ya kama sai ta yi nauyi ta lafe can cikin rami. In rana ta ƙwalle kuma, sai ta koma fitar asuba da dare, domin ƙishirwa na kashe ta da wuri, kuma ƙanshin da take shafa wa hanya don 'yan'uwa su bi sawu yana saurin bin iska a ƙasa mai zafi. Ke kina wucewa da hantsi, su sun riga sun tashi daga aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suke ɗauka. Na taɓa ɗiga ruwan sukari a kan ganye, na ajiye mataccen ƙwaro kusa da shi, na tsuguna ina kallo har ƙafata ta yi tsami. A lokacin da gidansu ya cika da tsutsotsi, wato 'ya'yansu, ƙwaron suka yi wa caa, wannan na jan ƙafa, wancan na jan fiffike, saboda tsutsa nama take bukata ta girma. Manyan kuwa zaƙi ne man tafiyarsu. Layin da kike gani yana hawa bishiya, galibi wurin darɓa za shi, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye: tururuwa na shafa ta da ƙahonninta, ita kuma ta fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi. Kiwo ne sosai, har gadinta suke yi.

Ba kowace iri ce ke bin wannan tsari ba. A Amurka akwai wadda ake kira tururuwar hunturu, Prenolepis imparis, da ke fita kiwo cikin sanyin da ya kori sauran, sannan ta toshe ƙofa in zafi ya shigo. A Fulorida an haƙa gidanta an tarar ya wuce zurfin mita 3.

Birni ma na da nasa tasiri, tunda kwalta da siminti suna riƙe zafi. A wani bincike na 2007 a Sao Paulo ta Burazil, tururuwa mai yankan ganye ta cikin birni ta fi ta wajen gari jure zafin digiri 42 a ma'aunin Celsius.

In kina son ki tabbatar, ki zaɓi bishiya ɗaya, ki riƙa leƙa ta da tocila bayan faɗuwar rana. Ki dai kula da inda kike sa ƙafa, cinnaka bai san na gida ba.