Mai ƙara ya yafe, amma ƙanena yana gidan kaso har yanzu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Metir. Daga Tawa nake rubuto maka, hankalina a tashe yake. Ƙanena yaron shago ne a kasuwa. Maigidansa ya yi lissafi ya ce jika 400 sun ɓace, ya kai shi wurin ƴan sanda. Ya kwana uku a kwamisariya, aka kai shi jastis, da yamma muka ji an wuce da shi gidan kaso. Yau wata uku ke nan ba a yi masa shari'a ba. Dattawanmu sun je sun ba maigidan haƙuri, mun sayar da tumakin mahaifiyarmu mun biya kuɗin, an rubuta takarda, ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma ba a saki yaron ba. Yanzu wani ya ce mu kawo jika 150 ya kai wa "na sama", kwana biyu yaro zai dawo gida. Tsohuwarmu ba ta barci. Me ya hana a sake shi tunda mai kuɗi ya yafe? Mu ba da kuɗin?

Wata ƴar'uwa daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya sanyaya wa mahaifiyarku zuciya, ya fitar da ƙanenki lafiya.

Kada ku ba mutumin nan ko dala. Zan dawo kansa, amma ki fara riƙe wannan.

Kwana ukun da ya yi a kwamisariya bai fita daga ƙa'ida ba, in dai an bi hanya. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Nijar ta ba ƴan sanda da jandarma awa 48 su tsare mutum don bincike, mai gabatar da ƙara na gwamnati yana iya ƙara musu wasu 48. Dokar ta ce in za a miƙa shi kotu a haɗa da takardar likita mai nuna cewa ba a taɓa lafiyar jikinsa ba. Kuma tun daga 2015, ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen yammacin Afirka, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun lokacin da aka kama shi. Wannan mataki ya wuce, amma ki tambayi ƙanenki ko an karanta masa abin da ya sa wa hannu da Hausa, ko kuwa takardar Faransanci aka turo masa aka nuna masa wurin dangwala yatsa. Lauya zai buƙaci sanin haka.

Yanzu ga abin da ya hana a sake shi, kuma shi ne kuskuren da nake karo da shi kusan kullum, a Yamai da wajenta. Mutane sun ɗauka shari'ar laifi tsakanin mai ƙara da wanda aka kama take, in mai ƙara ya ce "na yafe" sai a buɗe ƙofa. Ba haka ba ne. Daga ranar da ƴan sanda suka miƙa dosiye, wato takardun ƙarar, ga mai gabatar da ƙara, magana ta rabu biyu. Akwai haƙƙin maigidan, wato kuɗinsa. Wannan nasa ne, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari. Akwai kuma tuhumar laifi, wadda gwamnati ke yi da sunan jama'a. Wannan ba ta maigidan ba ce, don haka ba shi da ikon yafe ta, ko da zai rantse da Alƙur'ani a gaban liman da mai unguwa. Laifukan da janye ƙara ke kashe su ƴan kaɗan ne, waɗanda doka ta ce ba a buɗe su sai da koken wanda aka ɓata wa, kamar zinar mai aure. Sata da cin amana ba sa cikinsu.

Ban ce sulhu banza ba ne. Sulhu abu ne mai kyau, addini ya yi horo da shi, kuma alƙalai suna dubansa sosai. Wanda ya mayar da kuɗi ya fi samun sakin talala, in an zo hukunci ya fi samun sassauci ko ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yin sulhun. Dangi su taru a zauren mai ƙara bayan isha'i, hankali a tashe, a yago shafi daga littafin ɗan lakkwal, wani mai ɗan karatu ya rubuta: "Mu iyayen wane mun amince ɗanmu ya ci kuɗin wane, mun biya, muna neman afuwa." Kawu ya dangwala, baffa ya dangwala. Shi yaron yana kaso, ba wanda ya tambaye shi. Washegari wannan takarda ta shiga dosiye. Yaron da tun daga kwamisariya yake cewa bai ɗauka ba, wanda wataƙila littafin bashin shagon kaɗai ya isa ya wanke shi, sai ga shi danginsa sun amsa masa laifi a rubuce. Alƙali ya ɗaga takardar ya ce, "In ba ka ci ba, me ya sa gidanku suka biya?" Me zai ce?

A wasiƙarki ba ki faɗa mini ko ƙanenki ya amsa laifin ko ya musanta ba. Wannan ita ce tambaya ta farko da ya kamata dattawan su yi kafin a kora tumaki kasuwa. Shago ba mutum ɗaya ke shiga cikinsa ba. Akwai ƴaƴan maigida, akwai bashin da aka bayar ba a rubuta ba, akwai lissafin da aka yi da ka. Ana biya don tsoro, don kunya, don kada sunan gida ya ɓaci, sai a tashi da asara uku: kuɗi sun tafi, yaro yana ciki, ga kuma shaida a kansa. Na sha ganin gidan da aka sayar da gona saboda wannan zato, kuma wanda ya ba su shawarar bai taɓa buɗe littafin doka ba, ya dai ji a majalisar shayi cewa "haka aka yi wa ɗan wane ya fito". Ɗan wane ya fito ne saboda alƙali ya sa hannu a kan takardar saki, bisa dalilan da mai ba da labarin bai sani ba.

Akwai kuma wani ɓangare na kuskuren. Sau da yawa mai ƙara yana yafewa da baki ne a gida, bai taka ƙafa ya je gaban alƙali ba. Kotu ba ta san abin da aka yi a zaure ba. Ku je ku duba, yana yiwuwa har yau alƙalin bai san an biya ko dala ba. Abin da ake so shi ne maigidan ya je da kansa, da katin ɗan ƙasa, ya faɗa a rubuta cewa an biya shi kuma ba ya neman komai. In ƙanenki yana musun laifin, lauya ya tabbatar an rubuta cewa dangi ne suka biya don neman zaman lafiya, ba da yawunsa ba.

Daga wannan rashin sani masu cewa "kawo in kai wa na sama" suke ci. Ki lura da su a bakin jastis, suna zaune a inuwa tun safe, suna gane wanda ya zo da tashin hankali daga tafiyarsa. Sun san sunayen ma'aikata, suna gaisawa da kowa da ƙarfi don ki gani. Dabararsu ɗaya ce: su karɓi kuɗi su jira. In alƙali ya saki yaro bisa doka, su ce aikinsu ne. In bai sake shi ba, su ce "na sama" ya ce a ƙaro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ki sani, mai ba da cin hanci shi ma mai laifi ne a doka. Za ku iya zuwa fitar da mutum ɗaya ku ƙara na biyu. In alƙali ya ɗora kuɗin jingina a kan sakin talala, a rubuce yake yin haka, ana biya a hukumance, a ba ku takardar shaidar biya. Duk kuɗin da ba a ba da takarda a kansa ba, ba na kotu ba ne.

Wata uku babu shari'a yana nuna cewa mai yiwuwa dosiyen yana hannun alƙali mai bincike, don da ta hanyar gaggawa aka bi da tuni an gurfanar da shi. Ku je wurin magatakardan kotun Tawa ku samo abu huɗu a rubuce: lambar dosiye, ofishin alƙalin da ke riƙe da shi, ainihin laifin da ake tuhuma, da ranar da aka sa hannu a takardar kai shi kaso. Ranar nan tana da muhimmanci. Bisa gyaran dokar na 2003, a matsakaitan laifuka tsarewa kafin shari'a wata 6 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya da dalili a rubuce. A manyan laifuka wata 18 ne, ana iya ƙara 12, ban da irin su kisan kai da satar dukiyar ƙasa. Ba zan ɓoye miki ba, ana ƙetare waɗannan wa'adi, kuma akasari dosiyen da ba mai bibiya ne ke kwana a ƙasan tari. Abin takaici ne a ce mutum ya ƙara wata biyu a kaso don kawai takarda ba ta tashi daga wannan tebur zuwa wancan ba, amma yana faruwa.

Sannan a rubuta buƙatar sakin talala. Shi ƙanenki yana da ikon nema da kansa daga gidan kaso, a kowane lokaci, ko lauya ya nema masa. A haɗa da shaidar biyan kuɗin, da shaidar cewa yana da mazauni sananne a Tawa, da alkawarin zai amsa kira duk ranar da aka neme shi. In an ƙi, ana ɗaukaka ƙara, kuma ana iya sake nema. In an sake shi, shari'a ba ta ƙare ba. Duk sammacin da ya zo ya je, in ba haka ba za a mayar da shi ciki, ko a yanke masa hukunci a bayan idonsa.

Na san yawancin lauyoyi a Yamai suke, kuma kuɗinsu ba kowa ke iyawa ba. Akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimakon shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Bayanin doka kyauta ne ga kowa, marasa ƙarfi kuma ana iya sama musu mai kare su. In ma sai an biya, jika 150 ɗin nan ku kai wa lauya mai rijista wanda zai ba ku takarda.

Kada ku yanke masa ziyara. Ku nemi takardar izinin ganinsa daga alƙalin, ku riƙa kai masa abinci da sabulu, in yana shan magani ku sanar da masu kula da gidan. Ki ja masa kunne kada ya tattauna shari'arsa da abokan ɗaki, kada kuma ya sa hannu a wata takarda sai an fassara masa ita. Kwanakin da yake yi yanzu, in har aka yanke masa ɗauri, za a cire su daga ciki. In kin samo lambar dosiyen da kwafin takardar da dattawan suka dangwala wa hannu, ki sake rubuto mini in ga abin da aka rubuta a cikinta.