Amsa: Amsa-kuwwar siginar GPS wajen saukar jirgi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa tashar GBAS da ke filin jirgi, wadda ke auna kuskuren GPS ta aika wa jiragen da ke sauka gyara, ba ta goge kuskuren GPS gaba ɗaya, alhali ta san ainihin inda take tsaye.

Abin da take gyarawa shi ne kuskuren agogon tauraron ɗan'adam da jinkirin sigina a sararin samaniya, domin kusan ɗaya ne gare ta da jirgin. Amsa-kuwwa daban take. Sigina kan bugi rumfar jirage, ko ƙasa, ko fiffiken jirgin kansa, ta iso eriya a makare, ta cakuɗe da wadda ta zo kai tsaye. Jinkirin nanosakan 1 (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) ƙarin tafiya ce ta kusan santimita 30. Kowace eriya da tata amsa-kuwwar, har ta tashar ma kan kutsa cikin gyaran da take aikawa.

Shi ya sa ake kafa eriya da dama nesa da juna, galibi huɗu, a riƙa kwatanta su, a kuma ƙyale taurarin da tsayinsu daga gefen sama bai kai digiri 5 ba. A ganina sabuwar siginar GPS mai suna L5 za ta fi taimakawa, tunda lambarta ta ninka ta tsohuwar siginar L1 sauri sau 10, don haka an fi iya bambanta amsa-kuwwa da siginar da ta zo kai tsaye.